Burtu a Hurumin Madina

Wanda bai san Khalilu mai lambu ba sai a ƙarshen rayuwarsa zai ɗauka tsufa ne ya lanƙwasa masa baya. A sunkuye yake tafiya, kai na riga ƙafa, ido a ƙasa, kamar wanda allura ta ɓace masa. Yaran unguwar Ƙiblatain sukan ce wai kuɗin da alhazai suka yar yake nema. Shi dai ba ya tankawa. Gaskiyar magana, rabin wannan sunkuyo gado ne, tafiyar maharba ce da ya koya tun yana yaro. Ɗaya rabin kuwa a yini guda ya same shi, tsakanin la'asar da faɗuwar rana, a bakin wani kwari da ke kudu da Madina.

Ubansa Barau maharbi ne a ƙasar Damagaram. Shi ya ɗauko shi suka nufo gabas a ƙafa da niyyar hajji, Khalilu yana ɗan shekara goma sha biyu. Tafiyar ta ci shekara tara. Inda guzuri ya ƙare sai su yada zango, Barau ya shiga daji, su sayar da nama da fata, su ƙara gaba. A Wadai suka fi daɗewa. A can aka ɗaura wa Khalilu aure da Fatna, shi ya sa ma daga baya takardarsa ta zama ta Chadi. Da suka iso Sawakin suna jiran jirgin ruwa, zazzaɓi ya kama Barau. Kwana shida ya yi a kwance yana kallon teku. Ran na bakwai ya ce wa ɗansa, "Ka ƙarasa mana. In ka samu kwanciya a maƙabartar Baƙi'a, ni ma na samu." A nan aka binne shi cikin rairayi mai gishiri.

Abin da ya bari bai wuce wuƙa ɗaya da burtu ba.

Burtu, saboda waɗanda aka haifa a nan, tsuntsu ne baƙi, ya fi talotalo girma, mai dogon baki, a ƙasa yake kiwo. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. To maharban ƙasarmu sukan sami kansa su ɗora a kan lanƙwasasshen itace, su rufe da fata, su sa jajayen ƙwayoyi a gurbin ido. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana kaɗa kai kamar mai tsintar fara, har ya shiga tsakiyar garke ba a san mutum ba ne. Na Barau ya sha hannu har fatar ta yi sheƙi. Da suka zauna a Madina, Fatna ta naɗe shi a tsumma ta cusa ƙarƙashin akwati, don ta ce in wani ya gani zai ce kayan sihiri ne, a kore su.

Khalilu ya sami aiki a lambun dabinon Alhaji Mahmudu, kusa da masallacin Ƙiblatain. Ban ruwa, sare busasshen ganye, yi wa dabino aure in lokacinsa ya zo, wato a ɗebo furen namiji a hau a kai wa mace. Lokacin da ake rubuta sunayen mutanenmu ana ba su takardar zama 'yan ƙasa, shi yana saman dabino. Ya ce in ya gama auren bana zai je. Kafin ya gama an rufe littafi. Tun daga nan zamansa ya rataya a kan iƙama, takardar zaman baƙo, wadda sai kafilinka, wato ubangidan da ya tsaya maka, ya ɗauka da hannunsa ya kai an sabunta. Ranar da ya ƙi, ka zama na jirgi.

Alhaji Mahmudu bai taɓa sa ya kwana da tunanin wannan ba. Amma ya rasu, lambu da kafala suka koma hannun ɗansa Abdussamad. Shi haifaffen Madina ne, yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa ita da Larabci yake mayar maka, sai ya so wasa ko ya ji haushi sannan ya haɗa biyun. Ba mugu ba ne. Mai gaggawa ne, ga sabuwar mota, ga bindiga.

A farkon shekarar 1395 ta Hijira, bayan alhazai sun watse, aka yi ruwa mai kyau, ciyawa ta tsiro a tsakanin duwatsu. Sai labari ya fara yawo a kasuwa cewa makiyaya sun ga wata barewa a harra, wannan ƙasa mai baƙaƙen duwatsu kamar ƙonannen gawayi da ke bayan Dutsen Airu. Wai fara ce fat, sai dai wani jan tabo da ya hau kafaɗarta ya sauko gefe ɗaya, da kunne guda shi ma ja, kamar an tsoma a lalle. Balƙa suke ce mata. A lokacin barewa ta riga ta yi wuyar gani, motoci sun cinye su, balle fara. Masu mota sun bi ta sun gaji. Da ta ji ƙarar inji sai ta shige harra, inda taya ba ta shiga, takalmi ma sai ya yage.

Wata safiya Abdussamad ya zo lambu ya tarar da Khalilu yana gyara magudanar ruwa.

"Ya ammi, an ce kai ɗan maharbi ne." Haka yake kiransa da Larabci, wato baffa.

"An ce, ɗan Hajiya."

"Sau huɗu ina bin Balƙa. Wallahi sau ɗaya na hango ta, kamar an ajiye ƙullin auduga a kan gawayi. Ina son fatarta."

"Ka yi me da ita?"

"Buzun ummi ya mutu. Ka gan shi ai, ba gashi ko ɗaya, kamar tafin hannu. Na kawo mata darduma ta Turkiyya, ta ce ita ba ta salla a kan zane. To zan kawo mata buzun da ba wanda ke da irinsa a Madina."

Khalilu ya san buzun. Hajiya Safiyatu, uwar Abdussamad, da shi ta zo daga ƙasar Kano tana 'yar shekara bakwai, na ubanta ne.

Ya ce, "Shekara talatin rabona da daji."

"Tayyib, ka tuna." Abdussamad ya shiga wasa da makullin mota. "Iƙamarka Rabi'ul Awwal take ƙarewa, ko? Masu gini suna ta min magana a kan lambun nan. In na sayar, ka san ba a yi wa mai lambu kafala ba lambu. Amma ka kawo min Balƙa inda bindiga za ta kai, ni kuma in san yadda zan yi da takardarka, ko da lambu ko babu."

Ya faɗa yana murmushi, amma Khalilu ya ji inda maganar ta sauka. Ya dubi wajen gabas, inda Baƙi'a take bayan gidaje, ya ce to.

Da ya koma gida ya jawo akwati. Fatna na tsince shinkafa ta ɗago.

"Malam, me kake tonowa?"

"Kayan aiki."

Ta ga tsumman, ta ajiye faifai. "Da furfurarka za ka koma tsuntsu?"

"Tsuntsun nan shi ya ciyar da ke a Wadai, ba ki raina shi ba a lokacin."

"A lokacin gwiwarka ba ta ƙara in ka tashi."

Washegari bayan azahar Abdussamad ya kai shi bayan Dutsen Airu, inda hanyar makiyaya ta ƙare, ya ce zai dawo da magariba. Khalilu ya shiga harra yana duba ƙasa. Ido bai manta ba. Ga kashi, ga inda aka gutsuri ciyawa, ga sawu a ɗan yashin da ya taru tsakanin duwatsu. Kafin la'asar ya hango barewa uku, jajaye irin na kullum, suna kiwo a kan wani tudu. Ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta ƙasanta, ya ɗaura burtu, ya yafa zane, ya durƙusa. Ya yi duk yadda Barau ya koya masa, taku uku a tsaya, a sunkuyar da baki, a ɗaga.

Tun yana nesa, nisan da ko bindiga ba ta kaiwa, ukun suka ɗaga kai lokaci guda. Suka dube shi sau ɗaya. Sai ƙura.

Ya dawo gida yana ta juya abin. Iska daidai take, zane bai yi motsi ba, dutse bai gangara ba. Ya ba Fatna labari, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Malam, shekara nawa muke a ƙasar nan?"

"Kin sani."

"Ka taɓa ganin burtu a Hijaz?"

Ya girgiza kai.

"To su ma ba su taɓa gani ba. Ka je musu da dodo, kana jira su yi maka maraba."

Khalilu ba mai yawan dariya ba ne, amma ran nan sai da ya goge ido da hannun riga. Shekara talatin yana ɓoye da abu a akwati kamar dukiya, bai taɓa tunanin cewa amfaninsa ya tsaya a wancan gefen teku ba.

Ya koma washegari ba don yana sa rai ba, sai don bai san wata dabara ba, kuma bai san abin da zai gaya wa Abdussamad ba. Ya sauka cikin wani busasshen kwari mai tsayin gaɓa, inda ruwan bana ya bar danshi, ciyawa ta fi yawa. Ya ɗaura burtun saboda sabo. Yana cikin kaɗa kai ya ji a jikinsa ana kallonsa.

Tana tsaye a kan gaɓa, ita kaɗai.

Ya sha ganin namun daji, har giwa ya gani a hanyar Wadai. Amma bai taɓa ganin fari irin wannan ba. Baƙin dutsen da ke bayanta ya sa kamar haske ke fitowa daga jikinta. Jan tabon ya kwanta a kafaɗarta kamar mayafin da ya zame. Ba ta gudu ba. Ta miƙo wuya, jan kunnen ya juyo gaba, ta buga ƙafa sau ɗaya a ƙasa tana jiran ta ga abin da baƙon tsuntsu zai yi. Khalilu ya ji bakinsa na ambaton Allah ba da saninsa ba. Ya sunkuyar da burtu ya yi kamar yana tsinta. Da ya ɗago, ta sauko taku biyu.

Daga baya ya gane dalili, ko dai abin da yake zato shi ne dalili. 'Yan'uwanta ba sa kiwo kusa da ita, don duk inda ta tsaya ana hango ta daga nesa, ta jawo musu mota. Ita kaɗai take yini. Wanda ba shi da abokin kiwo, ko tsuntsun da bai sani ba ya gani sai ya tsaya ya duba.

Ya gaya wa Abdussamad a mota: "Ba a zuwa wajenta. Amma in na ja baya tana biyowa."

Abdussamad ya buga sitiyari don murna. Ya ce shi ƙafarsa ba ta iya harra, amma ya san kwarin nan, ya san inda bakinsa ya buɗe a fili, mota na kaiwa har wurin. "Ka jawo ta can. Ranar da kuka kusa ka faɗa min, in zagaya in jira ku."

Kwana tara aka yi ana wannan aiki. Kullum bayan azahar Khalilu ya shiga ta saman kwari, ya bi har inda ya tara 'yan duwatsu jiya, ya ɗaura burtu ya jira. Wata rana ta zo da wuri, wata rana sai ya fid da rai. In ta zo sai ya fara ja da baya, a durƙushe, fuskarsa na wajenta, taku uku ya tsaya. Ita kuma tana kiwo tana biyowa. Kwarin yana lanƙwasa nan ya lanƙwasa can, gaɓarsa ta fi tsayin mutum, ba abin da kake gani sai dutse da sama. Shi kuma idonsa bai da wurin zuwa sai ƙasa da ita. Har ya koyi yi mata kukan burtu, wannan gunji mai zurfi daga maƙogwaro, in ya yi sai jan kunnen ya motsa.

Fatna ta lura ya rage cin abinci. Ta ce, "Kai da za ka kawo fata, naka jikin ne ke komawa fata." Shi kuwa ya san ranar na zuwa, kuma ya san halal ne, farauta sana'ar ubansa ce. Ya riƙa gaya wa kansa cewa a kan fatar nan za a yi sujada, ba ƙaramin matsayi ba ne ga dabba.

Ran na goma Abdussamad ya sauke shi ya zagaya da bindiga. Ta zo da wuri ran nan. Suka yi ta tafiya, shi da baya ita da gaba, har Khalilu ya ji gaɓar kwari na raguwa a gefensa, iska ta fara taɓa masa wuya. Ya ji ɗan ƙaramin tari a bayansa, alamar da suka yi da Abdussamad. Yana bayan wasu duwatsu, bai fi taku goma ba. Abin da ya rage Khalilu ya gusa gefen dama ya ba bindiga hanya.

Sai iska ta kawo kiran sallar la'asar.

A tsawon kwanakin nan bai taɓa jin kiran salla a harra ba, da inuwa yake gane lokaci. Yanzu kuwa ga shi ƙarara, daga bayansa, daga gari. Ya ɗaga ido a hankali ta ƙarƙashin bakin burtu, ya dubi sama da kan barewa. Dutsen Airu na tsaye a can, dogo, baƙi, mai shimfiɗaɗɗen kai. A bayanta yake. Ba a gefe ba, ba a gaba ba.

Kowane ɗan Madina ya san wannan tun yana ƙarami. Daga Airu zuwa Dutsen Sauru da ke arewa hurumi ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya shata. Abin da ke ciki ba a farautarsa, ba a ko firgita shi. Kwarin nan ashe ya zagaye ƙarshen dutsen ya shigo ta ɓangaren gari. Kwana goma Khalilu yana jan ta da baya, da hannunsa ya shigo da ita hurumi bai sani ba.

Gwiwarsa ta dama, wadda ya riga ya ɗaga don ya gusa, ya mayar da ita ƙasa.

Ya yi gunjin burtu sau ɗaya, ya sa magana a ƙarshensa, ƙasa-ƙasa: "Ɗan Hajiya. Dubi inda dutse yake."

Sai raɗa daga bayan duwatsu: "Gusa, ya ammi."

"Muna ciki."

"Wa ya auna? Akwai alama a nan? Gusa."

"Dutsen ne alama."

"Tayyib, tayyib. Ka mayar da ita sama kaɗan, in biyo ku. Taku ɗari biyu, khalas."

Khalilu ya yi tunanin wannan, don ba ƙarya, zai iya. Za ta bi shi. Amma ya ga kansa yana yaudarar wadda ta shiga amanar Manzo ya fito da ita a yanka, sannan gobe ya kwanta a Baƙi'a yana neman amanar nan ta rufe shi. Ya ce, "Ba da ni ba."

"Ka san abin da kake yi? Ka tuna takardarka?"

"Na tuna."

Da a wani wuri ne, da sai ya miƙe tsaye ya ɗaga zane, ta gudu, magana ta ƙare. To nan ba a firgita ta. Ba ya iya ba da hanya, ba ya iya korar ta. Abu ɗaya ya rage masa, ya ci gaba da zama tsuntsu, tsakaninta da bakin bindiga, har ta ga damar tafiya don kanta. In ta matsa hagu ya matsa hagu yana tsinta. In ta dawo ya dawo.

Sai ta daina kiwo ta nufo shi.

Ba ta taɓa matsowa kusa da taku ashirin ba. Ran nan ta zo har ya ga gashin idonta, shi ma fari ne, idon kuma baƙi wuluk, har ya hango burtun a ciki, ƙanƙane. A cinyarta akwai tsohon tabon harsashi da ya goge ta ya wuce. Ta miƙo hanci ta shinshina bakin burtu tun daga tsini har gindi. Ya ji ɗumin numfashinta a goshinsa, yana ƙamshin ɗanyar ciyawa. Ta yi atishawa. Sannan ta juya sau ɗaya, ta naɗe ƙafafun gaba, ta kwanta a gabansa, ta fara tuƙa.

Barau ya taɓa gaya masa cewa barewa ba ta kwanciya inda idonta bai yarda ba, ko barci take rabinta a tsaye yake. Wannan kuwa ta kwanta kamar akuyar gida a inuwar ɗaki, taku uku daga maharbi, taku goma sha uku daga bindiga. Khalilu ya rasa ko ta san inda take ne, ko an sanar da ita. A lokacin kuma ya lura da yadda shi kansa yake, a sunkuye, hannu a gwiwa, fuska kudu. Alƙiblar Madina ke nan.

Daga bayan duwatsu bai ƙara jin raɗa ba.

Bayansa ya fara zafi, ya wuce zafi ya koma kamar an kafa ƙusa, daga nan ya daina jin sa. Igiyar burtu ta ci goshinsa. Inuwar dutse ta yi ta tsawo. Ya damu da la'asar da bai yi ba, yana kallon rana ta gefen ido yana roƙon kada ta faɗi. Ita ko tana tuƙarta, jan kunnen na korar ƙuda. Sai da rana ta yi ja, farin jikinta ya koma kalar zuma, sannan ta miƙe, ta yi miƙa, ta dube shi. Ta hau gaɓa a hankali, ba gudu, ta tsaya a sama ɗan lokaci, ta sauka ta wancan gefe.

Khalilu ya so ya tashi, jiki ya ƙi. Abdussamad ne ya zo ya kwance masa burtu, ya kama shi ta hammata ya ɗaga, amma bayan bai miƙe duka ba. Suka yi taimama suka yi la'asar a gurguje, Khalilu a zaune. Da suka iso ƙofar lambu Abdussamad ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ka zaɓa, ya ammi." Ya ja mota.

Mako uku bai leƙo lambu ba. Rabi'ul Awwal ya kama. Khalilu ya ci gaba da ban ruwa a sunkuye, dabino kuwa ya gagare shi hawa, sai ya roƙi maƙwabci ya yi masa auren bana. Fatna ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya. Da ya ba ta labari ta ce, "Da ka gusa, da ban san wa nake aure ba." Amma ya ga ta fara ware kaya, na ɗauka daban, na bayarwa daban. Ran Juma'a bayan salla ya tsaya a bakin katangar Baƙi'a ya daɗe, ya ce a ransa, Baba, na kawo mu har ƙofa.

Saura kwana huɗu takarda ta mutu, aka aiko Hajiya Safiyatu na kiransa a gidanta da ke Al-Sih, wai ya zo da tsuntsun.

Ya same ta a kan tsohon buzun, idonta ya riga ya yi hazo. Abdussamad na tsaye a bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci. Bayan gaisuwa ta miƙo hannu, ya ɗora mata burtu. Ta shafa bakin, ta shafa ƙwayoyin ido, ta kai hanci.

"Rabona da wannan tun ina 'yar shekara shida. Wani maharbi ya shigo garinmu da shi a goshi, muka watse muna kuka." Ta yi dariya. "Wannan yaron ya ƙi gaya min komai, sai jiya na matsa masa. Shi kuma Hausarsa ba ta ɗaukar labari. Faɗa min da bakinka, ɗan maharbi."

Ya faɗa mata tun daga barewa ukun da suka gudu. A nan ta yi dariya har da tari. Da ya zo wurin kiran salla dariyar ta ɗauke. Da ya gama ta ce:

"Ta kwanta?"

"Ta kwanta, Hajiya."

"A gabanka."

"Kamar daga nan zuwa ƙofa."

Ta daɗe tana motsa baki. Sannan ta juya wajen ɗanta. "A kan wannan ka so in sa goshina?"

"Ban sani ba, ya ummi. Wallahi ban lura da dutsen ba."

"Da aka nuna maka fa?"

Ya kawar da kai.

"Ina takardar bawan Allahn nan?"

"Tana mota."

"Me take yi a mota? Kai ta inda ake kaiwa."

"An riga an buga mata hatimi." Ya sunkuyar da kai, ya koma Hausa tsantsa, abin da ba ya yi. "Washegari na kai. Na ga abin da ya gani, ummi, ina bayansa. Yatsana na kan kunamar bindiga na kasa ja. Ban san da wane ido zan dube shi ba, shi ya sa ban je ba."

"Mako uku ka bar mutane suna ɗaure kaya saboda kunyarka? Je ka ɗauko."

Ya fita. Hajiya ta shafa buzunta inda ya fi gogewa, ta ce, "Wannan ma zai kai ni. Saura nawa."

Bayan shekara biyu an sayar da lambun, gidaje suka hau wurin. Abdussamad ya ɗauke Khalilu ya sa shi gadin ƙofar sabon gidansa a Al-Khalidiyya, ya ba su ɗaki shi da Fatna. Duk shekara tun saura wata guda yake karɓar takardar ya kai. Burtun ya zauna wurin Hajiya har ta rasu, a kan tsohon buzunta. Balƙa kuwa, wani makiyayi ya ce ya gan ta a shekara ta gaba da ɗa a bayanta, ja irin na kowa. Bayan nan ba wanda ya ƙara kawo labarinta. In an tambayi Khalilu ko yana ganin wani ya same ta, sai ya ce shi dai a tsaye ya ga ta tafi.

Bayansa bai sake miƙewa ba. Likita ya ba shi ɗamara, ya sa kwana biyu ya cire.

Ya rasu a shekarar 1407, cikin sanyi, bayan zazzaɓin kwana uku. Aka yi masa salla a masallacin Manzo bayan la'asar, aka wuce da shi Baƙi'a. Abdussamad ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Ya ce da ya kwantar da shi a gefen dama bai sha wahalar juya shi ba, lanƙwasar bayan ta zauna daidai, fuska ta nufi kudu da kanta, wajen alƙibla, ta inda Dutsen Airu yake.